Silin Ɗanyen Maɗaci

Ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta bazarar da muka buga silin a barandar ɗana. Shekaru sun shuɗe, an yi suna an yi zaman makoki a gidan nan, amma har gobe in na ji warin ɗanyen katako, ko a bakin kasuwar Kafur ne, sai in tsaya cak kamar an kira ni daga baya.

Ɗana ne na fari. Waɗanda suka tashi a irin gidajenmu sun san yadda uwa take da ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta zaman hira da shi, ko kuka yake yana jariri sai ta kau da kai har wata ta ɗauko shi ta ɗora mata a cinya. Da aka yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi, ya tashi cikin ƙannena, shi ya sa har ya yi gemu Yaya yake ce mani, yadda ya ji suna faɗa. Ni kuma in zancensa ya kama sai in ce yaron nan. Da ya koyi sana'a na samu sauƙi, na koma ce mashi Kafinta kamar kowa.

A Funtuwa ya koyi aikin katako, shi da wani abokinsa mutumin Tsiga, wurin ubangida ɗaya. Da ya dawo gida an san shi da hannu mai kyau, an kuma san shi da taurin kai a kan abu guda: ba ya taɓa ɗanyen katako. Ko wa ya kawo, ko wace irin gaggawa ake yi, sai ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya saurara, ya sansana, ya ce a jingine shi a inuwa a dawo wata rana. Cewa yake ɗanyen katako yau ka buga shi a miƙe, gobe ka tarar ya murɗe ya bar ka da kunya, kuma ba wanda zai zagi bishiyar, kafinta za a zaga.

Lokacin auren ƙanwarsa shi ya ɗauki alkawarin gado da kabad. Ranar kai kaya ta zo, kabad ya hau mota, gado bai hau ba, wai katakon bai gama shan iska ba. Mahaifinsu, wanda nake ce wa Malam, ya yi faɗa har muryarsa ta dishe. Dangin ango suka yi ta habaici, wai amaryar gidan kafinta ce ke kwana a ƙasa. Shi kuwa ko a jikinsa. Sai da ya ga dama ya haɗa gadon ya kai mata. Yau 'ya'yanta ke tsalle a kansa, ko ƙara ba ya yi.

Da ya yi aure ya gina ɗakinsa a gabashin gida, ya fitar da baranda a gabansa, ya rufe da kwano. Daga nan mutum na ganin tsakar gida gaba ɗaya har ƙofar zaure. Silin kaɗai ya rage. Kullum in aka tambaye shi sai ya ce yana jiran katako mai kyau ne, ba ya son ya yi wa kansa aikin da zai riƙa kau da ido in ya ɗaga kai. Haka barandar ta zauna, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa.

Bayan an gama kaka ne, yana rufin wani shago a Malumfashi, ƙafarsa ta zame. Ina tsakar gida ina sheƙar masara aka aiko. Daga asibitin can aka wuce da shi Zariya, likitoci suka yi iyakar abin da Allah ya ba su iko, a ƙarshe suka kira Malam gefe suka ce ƙashin baya ne, daga ƙugu zuwa ƙasa sai dai haƙuri. Hannuwansa na aiki, bakinsa na aiki, hankalinsa garau. Haka muka dawo da shi gida a kwance.

A nan na naɗe kunyar ɗan fari na ajiye. Matarsa yarinya ce, ga goyo a bayanta, ba ta iya juya shi ita kaɗai, Malam kuwa ba zai wuni a gida ba. Ni da ban taɓa riƙe hannunsa ba tun yana tatata, sai ga ni ina ɗaga kafaɗarsa ina goge mashi baya. Ba ya kallona, ni ma ba na kallonsa. Ya daina magana kwata-kwata. In an gaishe shi ya ɗaga hannu, in an kawo abinci ya ɗan taɓa ya ture. Abokansa suka yi ta zuwa har suka gaji, sai mutumin Tsigan nan kaɗai bai gaji ba.

Da bazara ta kama ɗakin ya koma kamar tanda. Muka fito da gadonsa baranda don ya sha iska, ya kuma riƙa ganin mutane. To da safe lafiya lau, amma da hantsi ya yi sai kwanon ya fara aman wuta, har bayan la'asar. Mai lafiya ya tashi ya koma gindin bishiya, shi ina zai je? Malam ya hau ya shimfiɗa karan dawa a kan kwanon, iska ta kwashe. Na riƙa jiƙa zani ina rufa mashi, ina zaune da mafici har hannuna ya ƙage. Gumi na jiƙa mashi baya, bayan kuwa ya riga ya fara salewa saboda kwanciya.

Wata rana ina fifita, yana kwance rigingine idonsa a sama kamar kullum, sai na ji murya.

"Yaya, kin ga katakon can na gefe? Ya karkace. Ni na buga shi kuwa."

Saura kaɗan maficin ya faɗi. Na ɗaga kai na duba, ni dai ban ga wata karkata ba, amma na ce ƙwarai ya karkace. Can ya ce tunda yanzu ba shi da aikin da ya wuce kallon sama, gara a gyara saman.

Da Malam ya dawo na faɗa mashi, ko buta bai ajiye ba ya nufi barandar. Ya ce gobe-goben nan zai shiga Funtuwa ya sayo silin roba, farin nan da ake yayi, a buga a wuni guda a huta. Yaron ya ce, "Baba, ni kafinta, in kwanta ina kallon roba?" Malam ya ɗauki butarsa ya fita. Washegari ya tafi gonarmu ta hanyar Gozaki ya daɗe bai dawo ba. Akwai wani maɗaci a bakin gonar, mahaifin Malam ya dasa shi, a gindinsa ake cin abincin rana lokacin noma tun Malam na yaro. Ya je ya nemi izini inda ake nema, ya kira mai injin yanka. Ban taɓa jin ya ambaci bishiyar nan ba bayan ranar.

A amalanke aka kawo katakon, shanu na nishi. Ja wur kamar nama, da nauyi, in ka dafa sai ka ji danshi a tafin hannunka. Gidan duka ya ɗauki warin ɗaci. Ranar na ga yaron nan ya dawo mutum. Daga kwance yake ba da umarni: a kai bayan rumbu inda rana ba ta bugu, a jera duwatsu a ƙasa saboda gara, a sa ƙananan sanduna tsakanin kowane jeri don iska ta ratsa, a danne sama da dutse kada ya murɗe. Abokinsa na jera yana tsokanarsa, wai mutum ya kwanta ma bai daina mulki ba. Da aka gama aka tambaye shi yaushe za a buga. Ya ce sai bayan damina, in an yanke dawa sai a duba shi.

Malam ya same ni a madafa fuskarsa kamar an yi mashi albishir da Makka. Ya ce, kin ji ko, zancen kaka yake. Ni ma na ji, kuma abin da ya shiga zuciyarsa shi ya shiga tawa. Wanda ke sa wa katako rana har kaka, ai yana sa ran ya ga kakar. Kafin nan abokin ya ɗaure mana tsohuwar zana a ƙarƙashin kwanon. Tana rage zafin kaɗan, tana kuma zubo mashi ƙura da ƙwari a ido.

Aikin katakon ya zama nawa. Ni da matarsa muke juya shi lokaci-lokaci yadda ya ce. Akwai wani guntu da ya sa aka yanke aka ɗora a kan jerin, shi nake ɗauko mashi da safe. Sai ya auna shi a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa, ya kai hanci, ya miƙo mani ya ce da saura. Ni kuma in ce to. Kada ku raina wannan. Tunda na haife shi ba mu taɓa samun abin da ya haɗa mu hira ni da shi ba sai guntun itacen nan. Wata rana daga "da saura" sai ya zarce da labarin ubangidansu na Funtuwa, ko ya tambaye ni yadda mahaifiyata take lokacin ina yarinya. Ina amsawa ina kallon gefe, don jiki ya saba.

Sai gyambon bayansa ya ƙi jin magani. Zazzaɓi ya riƙa zuwa yana tafiya, daga baya ya zo ya zauna. Aka mayar da shi asibiti a Funtuwa, aka yi allurai aka wanke ciwon, aka dawo da shi. Ya rame har zoben azurfar da ke hannunsa ya riƙa zamewa. Amma bakinsa bai mutu ba, shi ya sa mutane suka riƙa cewa jiki da sauƙi.

Wata safiya, zafi ya kai inda kaji ke buɗe baki tun hantsi, na kawo mashi guntun kamar kullum. Ya karɓa, bai ƙwanƙwasa ba, bai sansana ba. Ya riƙe shi a ƙirji ya daɗe. Ina jiran "da saura", sai ya ce a kira mashi mutumin Tsiga a waya, a ce ya zo da zarto da guduma da tsani, za a buga silin.

Na ce, "Ya bushe ne?"

Ya ce, "Bai bushe ba."

Ban san lokacin da na koma madafa ba. Na zauna a kan turmi, wuta na ci, tukunya na tafasa, na kasa tashi in sa gari. Mutumin da ya bar ƙanwarsa ta kwana a ƙasa, ya sha faɗan ubansa da gorin surukai don kada ya taɓa ɗanye, yau shi ke cewa a buga ɗanye a saman kansa. Ba likita ya faɗa mani ba, ba malami ba. Daga nan na san ba zai ga kaka ba.

Abokin ya iso a kan babur kafin azahar, ya je bayan rumbu ya ɗaga katako ɗaya ya dawo yana dariya.

"Kai ne kuwa? Ko faɗuwar nan ta taɓa kai ba a faɗa mana ba? Wannan ai in ka matse shi sai ka cika kofi."

"Mutumin Tsiga, surutu ka zo yi ko aiki?"

"Da ni na kawo maka irin wannan, da da shi za ka rafke ni."

"Har yanzu hannuna na aiki. Matso ka gani."

Suka yi ta yi, matarsa na dariya daga bakin ƙofa, rabon da in ji dariyarta har na manta. Malam ya ji daɗi ba kaɗan ba. A wurinsa yaro ya samu ƙarfi ne har yana ɗokin aiki. Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya, don damina ta matso ana sharar gona, na faɗa mashi abin da ke raina a hankali. Ya ɗago ya dube ni ya ce in daina yi wa yaro mugun fata, zafi ne ya ishe shi, wa zai iya jiran kaka a ƙarƙashin kwanon nan. Ban ƙara ba. Ni ba mai jan magana ba ce, kuma har ga Allah so nake ya zama shi ke da gaskiya.

Amma na koma wurin yaron. Lokacin ba kowa a barandar. Abin da ke zuciyata wauta ce, na sani, gani nake in katakon ya zauna a bayan rumbu to alkawarin kaka na nan, in aka ɗauko shi alkawarin ya tashi. Na ce a bar shi ya bushe mana, ai shi da bakinsa ya ce sai an yanke dawa.

Ya ce, "Na faɗa, Yaya."

Ya juyo ya dube ni cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ni ma ban kau da kai ba.

"So nake in gan shi a sama."

Na ce to. Na tashi na je na kwance zanar nan da hannuna.

Washegari aka fara. Ya ƙi yarda a mayar da shi ɗaki, sai dai a ja gadon gefe, in aiki ya matso a sake ja. Na riƙa rufa mashi mayafina a fuska saboda dusar katako, yana janyewa. Ɗanyen maɗaci ba ya son zarto, yana kama shi yana cushe mashi haƙora, abokin na yanka yana tsaki. Wurin gogewa ma haka, ba ya yin santsi yadda ake so. Aka fara buga sandunan da silin zai kama, ya sa aka ja zare daga bango zuwa bakin baranda don layi ya miƙe, har katakon nan da ya ce ya karkace sai da aka cire aka gyara.

Ba mu ɗauki ɗan aiki ba, bai so. Ni nake riƙe bakin abin awo in karanto lamba, tunda na yi ajin yaƙi da jahilci na san su. Rannan na karanto wata a juye, aka yanke katako ya gaza. Abokin ya ce Inna ta ci mana katako, shi kuma ya ce a bar mashi Yayarsa, malamar lissafi ce, awon ne ya yi kuskure. In za a ɗaga katako, abokin na kan tsani ya kama kai ɗaya, ni in tokare ɗaya kan da gwafa har ya buga. Nauyinsa na sauka har cikin ƙuguna. In ƙusa ta shiga, wani jan ruwa ne ke tsattsafowa a gefenta. Shi kuwa daga ƙasa yana ganin abin da mu ba mu gani. Matsa shi hagu. Ya yi yawa. Juya shi, ɗaya fuskar ta fi kyau. Tsaya nan.

Ana cikin haka abokin ya kai ƙusa gefen katako zai buga, yaron ya tsayar da shi. Ya ce ƙusa ɗaya zai riƙa sa wa a tsakiya, kada ya kama gefe da gefe, don in katakon ya tashi ja ya samu wurin ja, in ba haka ba tsagewa zai yi. Sannan ya ce in an yi kaka zai tsuke ya bar tsaga tsakanin ɗaya da ɗaya, abokin ya zo ya fere sirara daga ragowar ya bi layi ya rufe.

"Kada ka turo kowa. Kai za ka yi, ka san yadda nake son aiki."

Abokin na kan tsani, ƙusoshi a bakinsa, fuskarsa na kallon kwano. Na ga gudumar ta tsaya a hannunsa. Can ya ci gaba da bugu. Da ya sauko ya nemi buta ya zaga bayan zaure. Na bi shi da ruwan sha na tarar yana ta wanke fuska. Ya ce, "Inna," ya kasa ƙarasawa. Na ce ya sha ruwa ya koma, rana na yi.

An kai kusan rabi sai hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma. Abokin na da rufin wasu mutane a Tsiga da ya yaye bai mayar ba, suka yi ta kiransa a waya. Ya ce ba inda za shi. Yaron ya ce ya tafi, ba za a bar mutane da 'ya'yansu ruwa ya same su a buɗe ba saboda baranda. Da ƙyar ya tafi, yana cewa jibi-jibi yana nan.

Kwanakin nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Ranar da ya tafi zazzaɓi ya dawo da ƙarfinsa. Yaron ya riƙa sambatu, yana kiran mahaifiyata da ta daɗe da rasuwa, yana faɗa da wani wai ya ɓoye mashi zarto. Muka ja gadon ƙarƙashin ɓangaren da aka gama. Ina zaune ina danna mashi jiƙaƙƙen tsumma a goshi, idona na kan ɗaya ɓangaren, kwano tsirara da sanduna, ga katako jingine da bango yana jira. Ban roƙi Allah abu mai yawa ba a kwanakin nan. Na daina cewa ya tashi ya taka. Cewa nake, ya Allah ka buɗe mashi ido ya ga an rufe wancan gefen. Har tsanin na dafa wata rana na ɗora ƙafa, matarsa ta riƙe mani zani tana kuka ta ce in na faɗo su yi yaya.

Malam na fita gona tun sassafe, in ya dawo ya tsaya a kan yaron ya yi mashi addu'a, ya ce zazzaɓin sauyin yanayi ne, da ruwa ya sauka zai sake shi.

Abokin ya dawo da hantsi, idonsa ja, hannunsa duk ƙuna saboda zafin kwanon da ya wuni a kai. Ko zama bai yi ba ya hau tsani. Ranar ba tsokana, ba mai cewa matsa hagu. Shi ke bugu, ni ke tokarewa, matarsa na miƙa ƙusa da goyonta. Duk bugun guduma sai in waiwaya gadon. Ƙarar ce ta tashe shi ko lokacinsa ne na farkawa, Allah ne masani, amma wajen la'asar, saura wata 'yar siririyar tazara a jikin bango, na ji ya ce a tsaga katakon a tsaye, kada a cusa guntaye. Murya can ƙasa, amma tasa ce, da hankalinsa.

Aka tsaga, aka ɗaga, ya shige daidai. Abokin ya buga ƙusar ƙarshe ya sauko. Muka ja gadon tsakiya.

Ya bi silin da ido daga wannan bango zuwa wancan, layi bayan layi, bai yi sauri ba. Ja ne mai duhu, hasken yamma na kwance a jikinsa. Barandar ta yi sanyi kamar gindin bishiya, kuma in ka duba ai gindin bishiyar ne, ita ce ta baro gona ta zo ta tsaya a kansa. Mu duka muna jira. Can ya ce, "Ba laifi." Abokin ya yi dariya hawaye na zuba, ya ce tun suna yara bai taɓa samun ko da wannan daga bakinsa ba.

Washegari ya yi barcin rana, na farko tun shigowar bazara. Na zauna kusa da shi da mafici a cinya ban ɗaga ba.

Allah ya ba shi 'yan makonni a ƙarƙashinsa. Zazzaɓin ya lafa kaɗan, ya karɓi baƙi, duk wanda ya shigo sai ya ɗaga kai ya yaba, shi kuma ya ce aikin mutumin Tsiga ne da Yaya. Ya sa aka riƙa kwantar mashi da 'yarsa a ƙirji yana nuna mata sama. Ranar da ruwan farko ya sauka da rana tsaka, na taso da gudu zan ja gadon ciki, ya ce in bar shi. Da, in ruwa na dukan kwanon nan ko maganar na kusa da kai ba ka ji. Ranar sai wani sauti mai taushi kamar ana zuba gero a ƙwarya daga nesa. Ya ce in zauna mu saurara. Na zauna a bakin gadon, ba a ƙasa ba inda na saba.

Dawa ta fara tsiro lokacin da ya cika, da hantsi, ina wurin, matarsa na wurin. Malam na gona, sai aikawa aka yi.

Damina ta wuce yadda takan wuce wa masu makoki. Da kaka ta yi, iska ta bushe, silin ya fara ƙara da rana, ƙas, ƙas, kamar ana taka busasshen kara. Katakon ya tsuke, tsaga ta buɗe tsakanin kowane biyu har kana hango kwano, wasu suka ɗan gantsare. Ko ɗaya dai bai fashe ba.

Wata yamma Malam na zaune a barandar yana ɓarar masara, ni ina gefe ina tsince wake. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sai ya fara faɗa. Wai dubi yadda yaron Tsigan nan ya lalata mashi itacen da ubansa ya dasa, aiki duk baki a buɗe. Ya ce, "Da mai ɗakin nan na da lafiya, wallahi ko da wuƙa a wuya ba zai yarda a buga ɗanyen..."

Bai ƙarasa ba. Masarar ta tsaya a hannunsa. Na ga abin ya sauko mashi a hankali, daga ido har kafaɗu, abin da ya same ni a kan turmi tun bazara.

Ya ce, "Shi ya ce a buga."

Na ce shi ne.

"Kin faɗa mani kuwa."

Ya ajiye masarar, ya share tafin hannunsa a gwiwa, ya sake sharewa. Ya ce shi yana can yana sharar gona, yana cewa bari ya gama shuka ya samu lokaci ya zauna da yaron su yi hira sosai. Tunda nake da Malam, ko ranar jana'izar ban ga hawayensa ba sai ranar. Da abokin ya zo rufe tsagar kamar yadda aka bar mashi wasiyya, Malam ne ya riƙe mashi tsani daga farko har ƙarshe, bai je ko'ina ba.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma da tsada na same shi. Marar lafiya ba kullum yake faɗin inda ya kai da baki ba, musamman ga iyayensa, yana jin nauyinsu. In kun ga ya saki halin da kuka san shi da shi tun tasowarsa, kada ku ce sauƙi ne ko gajiya, ku ajiye fartanya ku matso kusa. Ni mai haƙuri ce, da haƙuri aka san ni, kuma na yarda yawancin al'amura jira suke so. Amma abin da za ka yi wa mutum don idonsa ya gani, yi shi tun idon na buɗe, ko da bai gama bushewa ba. Tsagar da zai bari daga baya ana iya rufe ta.